Wai Ƙasarmu Ce Ta Zama Man Neja Delta?

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata magana da nake yawan ji idan ana gardamar man fetur. Sai wani ya ce ai man na Arewa ne, domin ruwa ne ya kwashe ƙasarmu ya kai ta Kudu. Ni dai ban yarda ba.

Gaskiya ne kogi yana ɗaukar ƙasa. Kogin Kwara ya taso daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, tsawonsa kusan kilomita 4,180. Kogin Sakkwato da na Kaduna duk cikinsa suke zuba. Duk wanda ya ga rafi da damina ya san yadda ruwan yake yin ja saboda laka. Idan kogi ya isa teku sai gudunsa ya ragu, ya sauke kayansa. Haka aka yi ta yi sama da shekara miliyan 40, har yashi da laka suka taru, kaurinsu ya kai wajen kilomita 10 a wasu wurare.

To amma yashi ba shi ne mai ba. Masana sun raba tarin gida uku. Na can ƙasa, Akata, laka ce ta ƙasan teku mai cike da ragowar ƙananan halittu da tsirrai. Nauyi da zafi suka dafa su a hankali har suka zama ɗanyen mai. Man ya taso ya maƙale a cikin yashin Agbada, kamar yadda soso yake riƙe ruwa. Na sama kuma shi ake kira Benin. Aikin yashi dai riƙewa ne kawai.

Kuma idan don yashi ne, ai mutanen Mali da Kamaru ma sai su zo da ƙoƙonsu, tunda Binuwai daga Kamaru ya fito!

Abin da ya fi damuna shi ne masu wannan magana ba sa tuna mutanen da ke zaune a wurin. Tun da aka gano mai a Oloibiri a 1956 suke fama da malalarsa a gonaki da wuraren kamun kifi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Ina roƙon malamanmu na kimiyya su ba mu darasi ɗaya a kan wannan. Faranti, yashi da butar ruwa sun isa mu ga yadda delta take samuwa a bakin ajinmu.