Jama'ar Tondibiya, Mu Mayar da Bakwaini Awo!

Iyayenmu mata, magidanta, kakanni, limamai da masu unguwa na Tondibiya, ku ba ni aron kunnuwanku!

Ranar da aka fito da bakwaini daga kwalba a asibitin haihuwa na Issaka Gazoby, aka kamo hanyar gida, kowa sai hamdala. To, wallahi aikin bai ƙare ba. Jaririn da ya zo duniya kafin cikinsa ya kai mako 32, ko nauyinsa bai cika kilo ɗaya da rabi ba, ya fito ne idonsa da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa ba su gama nuna ba. Sauran ginin a hannunmu zai ƙarasa.

Mu fara da ido, domin shi ne ba ya jira. Jijiyoyin jinin da ke can bayan idon bakwaini suna iya tsirowa a karkace har su ɓamɓare fatar gani. Daga waje ido garau, ba ja, ba kwantsa, yaro ba ya kuka. Likitan ido ne kaɗai ke iya ganowa, kuma lokacin dubawa wajen mako huɗu ne bayan haihuwa. In an gano da wuri ana magancewa. In an makara, makanta ce ta har abada. Wannan ciwon ne ya makantar da mawaƙin Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950. Kada ku baro asibiti sai kun tambaya: yaushe za a duba idonsa, kuma a ina?

Kunne ma haka. Shawara mai tsanani da wasu allurai masu ceton rai suna iya taɓa ji. A gwada shi.

Ke uwa, kada surutun maƙwabta kan jinkirin girman ɗanki ya karya miki zuciya. In ɗanki ya riga lokacinsa da wata biyu, ranar da ya cika wata shida, a ma'aunin girma ɗan wata huɗu ne, kuma haka ake lissafi har ya shekara biyu. Amma in kin cire watannin nan kika ga har yanzu wuya bai tsaya ba, ko ƙafafu sun sandare suna harɗewa, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule, ko an buga ƙofa bai firgita ba, ki ɗauki katin awonsa ki nufi asibiti. Gashin ƙashi da motsa gaɓɓai sun fi amfani tun yaro yana ɗanye. Rigakafi kuwa daga ranar haihuwa ake ƙirga shi, kada a ce sai ya yi ƙwari.

Sanyin hunturu a bakin kogin Isa ba abin wasa ba ne ga ɗan kilo biyu. A ɗora shi a ƙirji, fata da fata, da hula a kansa, a ɗaure da zane. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabara a 1978, yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ta tun daga haihuwa. Ƙirjin uba ma yana yi. Kakanni, don Allah a bar shi da nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, kuma kada wanzami ya kusanci bakinsa.

Kai maigida, tun 2006 Nijar ta ce duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma kuɗin mota zuwa tsakiyar Yamai daga aljihunka zai fito. Ka ware shi kafin ranar awo, ka raka su da kanka.

Hukumomin lafiya, muna roƙon a rubuta sunan kowane bakwaini da aka sallama, a aika wa asibitin unguwarsu, wanda bai dawo ba a bi shi har gida. Limamai, ku faɗa a huɗubar wannan Juma'ar. Duk wanda ya san gidan da ke da bakwaini, ya je yau ya tambayi ranar awonsa.