Natsuwar Shaihu Umar ba ta gudun duniya ba ce

1/ Jama'a, kullum sai na ga 'yan uwa suna ɗora kalaman The Alchemist na Paulo Coelho ko Siddhartha na Hermann Hesse a status, wai neman kwanciyar hankali. Ba laifi. Amma mu nawa ne muka sake buɗe Shaihu Umar tun da muka bar sakandare?

2/ Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi, ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim.

3/ Ku tuna labarin: an sace Umar yana yaro, ya zama bawa. Balarabe Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita. Da ƙyar suka haɗu, ba ta daɗe ba ta rasu.

4/ Ga bambancin. Siddhartha da kansa ya bar gidan ubansa. Umar bai zaɓi komai ba, ƙwace masa aka yi. Wannan ya fi kama da rayuwarmu: yajin aiki, tsadar abinci, rashin aikin yi, ba wanda ya shawarce mu.

5/ Wasu za su ce littafin yana koyar da haƙurin dole ne, a zalunce ka ka ce ƙaddara. Ƙorafin yana da ƙarfi, don Umar bai yi wa bauta tawaye ba.

6/ Amma ku duba ƙarshensa. Bai shige ɗaki ya rufe ƙofa ba. A Rauta ya zauna yana karantar da almajirai, kuma da suka tambaye shi asalinsa, ya zayyana musu duk abin da aka yi musu shi da uwarsa. Mai ɓoye zalunci ba ya haka.

7/ Ra'ayina: natsuwar da ba ta amfani kowa ba, hutu ne kawai. Malaman zaure da ke karantarwa bayan Magariba a nan Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi sun fi kusa da Umar fiye da masu sayar mana da kalaman ƙarfafa gwiwa a TikTok.

8/ Littafin ƙarami ne, dare ɗaya ka gama. Ku karanta, sannan mu yi musu: tawakkali ne ko miƙa wuya?