SHAWARAR WATA: Wanda ya sayi tsohuwar mota, ya sayi kaye da bik

Ƴan uwa manoma da makiyaya, shawarar wannan wata a kan mota take.

Wani magidanci na wajen Barmu ya yi shekara 6 yana ci-rani a Abijan. Da ya komo gida, ya haɗa abin da ya tara da kuɗin bijimai 2, ya sayi a-kori-kura a Tawa, Toyota Hilux mai shan gazuwal. Niyyarshi ya riƙa kai hatsi da bisashe kasuwar Lahadi ta Tawa, da kasuwar Abalak. Motar ta sha aiki a Turai kafin ta sauka Kwatano. Mai saidawa ya rantse an yi mata komai.

Ranar da ya karɓi makulli, ranar ya so ya yi lodi. Wani tsohon makaniki ya tare shi, ya ce: «Malam, ka ga an yi mata komai da idonka?» Ya ce a'a. Tsoho ya ce: «To, ba a yi ba. Lambar kwantar ma ana juya ta baya. Daga yau za ka fara ƙirga.»

Aka fara da baƙin mai. Aka zubar da tsoho, aka zuba sabo, aka sake matacinshi. Wannan shi ne bidanji. Tsohon inji mai gazuwal yana son bidanji duk kilomita 5.000. Daga Tawa zuwa Abalak kimanin kilomita 135 ne. Zuwa da komowa 270 ke nan. Wanda ya yi wannan tafiya sau 18, lokacin bidanji ya yi.

Sai aka buɗe murfin gaban inji. A nan akwai wata igiyar roba mai haƙora, makanikai suna ce mata kuruwa. Ba a ganinta daga waje, kuma ba ta kuka kafin ta tsinke. A tsofaffin Hilux, duk kilomita 100.000 ake sake ta. In ta tsinke mota tana gudu, ƙarafan cikin inji su yi karo da juna, gyaran ya ci kuɗin sa guda ko fiye. Ta mutumin Barmu duk ta tsattsage. Da ya yi lodi ranar nan, Allah kaɗai ya san ko zai wuce Tabalak.

A ƙasar Adar abu 2 ke kashe inji: ƙura da gazuwal mai datti. Lokacin hunturu, matacin iska yana toshewa cikin ƴan kwanaki. A cire shi kowane mako, a busa shi daga ciki zuwa waje. In ya huje, a yar. Wasu direbobi suna cire shi ɗungum, wai mota ta fi ƙarfi. Wannan wauta ce, yashi suke ciyar da injinsu. Gazuwal na bidon a bakin hanya kuwa, sau da yawa da ruwa a ciki. A tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ƙarƙashin matacin gazuwal akwai ɗan famfo, a kwance shi ruwan da ya kwanta ya zube. Kuma kada a bar tanki ya ƙafe, iska za ta shiga, mota ta ƙi tashi a tsakiyar daji.

Kowace safiya, kafin a tada inji, a duba mai da ruwa. In inji ya yi zafi, kada a buɗe murfin ruwa, tafasasshe ne zai feso a fuska. Hayaƙi ma yana magana: baƙi, iska ta yi kaɗan ko gazuwal ya yi yawa, shuɗi, inji yana cin mai, fari da ba ya yankewa, a nufi garaji.

Mutumin Barmu ya rasa kasuwa ɗaya, motar tana garaji. Shi bai iya rubutu sosai ba tukuna, bana ya shiga ajin yaƙi da jahilci na garinsu. Amma lambobi sun zauna mishi. Ya sayi kaye, ya ɗaure bik da zare, ya ajiye cikin mota. A shafin farko ya rubuta ranar bidanji da lambar kwantar. A ƙasa ya ƙara 5.000, ya ja layi.