Kwamfutar da ba ta da fanka ita ta dace da ƙurarmu, amma ba irin ta YouTube ba

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, a gyara zama. Ra'ayina: duk ɗalibi ko mai shagon buga takardu daga Bebeji zuwa Doguwa da ke shirin haɗa kwamfutar tebur, ya fara tunanin wadda ba ta da fanka kwata-kwata. Kuma akwatinta mu za mu ƙera a nan gida, da maƙeranmu.

2/ Na san me za ku ce. "Malam, a wannan zafin za ka cire fanka?" Eh, a wannan zafin. Ku dai bi ni a hankali.

3/ Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakinka take zuƙowa ta watsa wa furosesa, ta fitar da mai zafin. To wace irin iska ce a ɗakinka daga Nuwamba zuwa Fabrairu? Hunturu ne. Ka goge tebur da safe, da la'asar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Duk wannan ƙurar fanka ke tura wa cikin na'ura, awa bayan awa.

4/ Wanda ya taɓa ganin an buɗe laftop a wajen masu gyara na Beirut Road ko Farm Centre ya san abin da nake faɗa. Tsakanin fanka da ƴan siraran ƙarafan da iska ke bi, ƙura ta dunƙule kamar audugar katifa. Iska ta daina wucewa, fanka na ihu, na'ura na ɗaukar zafi, sai ta fara rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Kai kuma kana zagin netwok ko kana cewa bairos ne.

5/ Mutanen Tudun Wada ma nasu ya fi. Ga ƙurar hunturu, ga ta injinan shinkafa. Na bakin titi a Kwanar Dangora kuma tireloli sun ishe su. Shago a irin waɗannan wurare da kwamfuta mai fanka uku, ai injin shara ka saya.

6/ Kuma kada wani ya ɗauka baƙon abu ne. Wayar da kake karanta wannan zaren da ita ba ta da fanka. MacBook Air da Apple ya fitar da furosesar M1 a 2020 ba shi da fanka. Taransifomar unguwarku ba ta da fanka, waɗancan faifan ƙarfen da ke jikinta su ne ke zubar da zafin. Kai, dubi kan injin babur ɗinka ma: layi-layin nan na alminiyam ba ado ba ne, faɗin jiki aka ƙara masa don iska ta samu inda za ta ɗebi zafi.

7/ Yanzu ga inda nake rabuwa da masu kallon bidiyon Turawa suna cewa "nima zan yi irin wannan." Baturen da ya haɗa nasa yana gwada shi ne a ɗaki mai digiri 22. Mu a watan Afrilu muna haura 40, kuma ɗakin kwano marar silin da tsakar rana ya fi waje zafi. Sanyaya na'ura ba tare da fanka ba ya dogara ne kacokan a kan tazarar da ke tsakanin zafin ƙarfen da zafin iskar ɗakin. Tazarar tamu ƙarama ce.

8/ Bari mu yi lissafi, ƴan aji ɗaya na injiniyarin ku duba ni. A ce ba ka so jikin akwatin ya wuce digiri 60. Wancan yana da tazarar 38, kai a ɗaki mai 42 kana da 18 kacal. Ƙarfe tsirara a iskar da ba ta motsi yana zubar da kamar wat 5 a kowane murabba'in mita, a kowane digiri ɗaya na tazara. Na'ura mai cin wat 15: shi yana buƙatar faɗin kamar santimita 28 sau 28, kai kana buƙatar kamar 41 sau 41. Ninki biyu da ɗoriya. Ka kwafi zanensa yadda yake, a Janairu ta yi maka aiki lafiya lau, a Afrilu ta durƙusa.

9/ Sai masu son gem. Kwamfuta mai babban katin hoto tana iya cin wat 300 cikin sauƙi. Da wannan lissafin kana buƙatar faɗin ƙarfe sama da murabba'in mita 3, kusan ƙofar ɗaki biyu. Gaskiya ɗaya ce, wannan zaren ba naku ba ne. Ku riƙe fankokinku, ku sa musu rariyar tace ƙura, ku riƙa busawa duk wata. Ba faɗa.

10/ Amma mu nawa ne ke wannan aikin? Yawancinmu buga furojet ne, Excel, koyon Python, atisayen JAMB, rijistar ɗalibai, kallon lacca. Wannan ba ya buƙatar dodon na'ura. Akwai furosesar Intel N100 da ta fito a 2023, wat 6 aka rubuta mata a takarda, ko da yake in aka matsa mata gaba ɗaya na'urar kan haura 20. Akwai Raspberry Pi. Akwai ma bod ɗin laftop ɗin da allonsa ya fashe ko madannansa suka mutu amma cikinsa lafiya, irinsu jibge suke a shagunan gyara.

11/ Wato matakin farko ba wajen mai walda yake ba, wajen zaɓen furosesa yake. Zafin da ba ka haifar ba, ba sai ka nemi inda za ka kai shi ba.

12/ Wani abu da nake so a daina faɗa: wai cire fanka zai sa batirin sola ya daɗe. Fanka wat 1 zuwa 3 take ci, ba ita ce matsalar ba. Ribar tana wajen ƙaramar furosesar. Tsohuwar kwamfutar tebur da ke jan wat 80 ko 100 da kuma wadda ke jan 15, a kan batiri ɗaya, ai ka ga bambanci kafin isha'i. Ga mu da Dam ɗin Tiga a Bebeji tun 1974, amma kowa ya san da sola da janareta shaguna da yawa ke buɗewa, don haka kowane wat kuɗi ne.

13/ To da me za a yi akwatin? Nan ne maganar ta fi daɗi.

Ba duk ƙarfe ne ke tafiyar da zafi daidai ba. A ma'aunin masana, jan ƙarfe yana kusan 400, alminiyam tsantsa kusan 237, baƙin ƙarfen da ake ƙofa da shi kusan 50, katako bai kai ko 1 ba. Shi ya sa cokalin ƙarfe a cikin shayi ke ƙona hannu amma muciya ba ta yi. Don haka in ka je wajen mai walda ya haɗa maka akwati da falanki irin na ƙofa, ka samu akwati mai ƙarfi, amma ba ka samu abin sanyaya na'ura ba. A yi firam da baƙin ƙarfe ko katako in ana so, amma bangon da zai ɗauki zafi dole alminiyam.

14/ Ina za a samu? Hanya mafi sauƙi ita ce ƴan gwangwan. Matacciyar inbata, amfilifaya, situbilaiza, duk suna da faifan alminiyam masu haƙora waɗanda aka yi su don wannan aikin tun asali. Zagaye ɗaya a Ƙofar Ruwa zai ba ka mamaki.

15/ Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi burge ni: masu zubin tukwanen dalma. Mutanen nan suna narka gwangwani da tarkacen inji, su yi gurbi a yashi, su zubo tukunya da murfinta da ludayi. Wanda ya iya fito da kunnen tukunya a yashi zai iya fito da faranti mai haƙora in ka kawo masa samfur na katako. Fasahar tana nan, ba wanda ya taɓa kai musu irin wannan aikin ne kawai.

16/ Sai dai a faɗi gaskiya, zubin yashi yana da illa. Alminiyam ɗin gauraye ne, ba ya tafiyar da zafi kamar tsantsa, wani lokaci rabi ma yake yi, kuma yakan zo da ƴan ramukan iska a ciki. Maganinsa a yi gindin da kauri. Abu na biyu, fuskar da za ta taɓa furosesa dole ta kwanta sumul. Ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ka yi ta gogawa daga mai kaushi zuwa mai laushi har ka ɗora rula ba ka ga haske a ƙarƙashi ba. Aikin yini guda ne, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci. Ɗan gibin iska kamar gashin kai ya isa ya ɓata duk wahalar. Sannan a shafa man nan mai toka-toka da ake sa wa furosesa, kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa.

17/ In furosesar ta yi nisa da bangon, akwai bututun jan ƙarfen nan da ke cikin yawancin laftop. Ba ƙarfe zalla ba ne. Akwai ɗan ruwa a ciki kuma an zuƙe iskar, ruwan yana tafasa a gefen zafi, tururin ya gudu gefen sanyi ya koma ruwa, ya dawo. Kada a yanka, kada a huda, kada a lanƙwasa shi da ƙarfi har ya karye ciki. Da ya yi huji ya zama bututun banza.

18/ Haƙoran su tsaya a tsaye, kada a kwantar da su. Iska mai zafi sama take yi, ta janyo mai sanyi daga ƙasa, kamar yadda hayaƙin murhu ke neman taga. A bar kusan santimita 1 tsakanin haƙori da haƙori. Masu cunkusa su don a ce sun yi yawa, iska ba za ta bi ba. Dubi Noctua NH-P1 da aka fitar a 2021 don aiki ba fanka: ya haura kilo ɗaya, kuma faifansa a warwatse suke, ba kamar na masu fanka ba.

19/ Fenti ma yana da rawar da yake takawa. Alminiyam mai sheƙi ba ya fesar da zafi sosai, wanda aka shafa wa fenti siriri marar ƙyalli yana yi. Ba sai baƙi ba, launi bai cika damun irin wannan zafin ba. In ma akwatin zai zauna kusa da taga, baƙin zai jawo maka rana ne.

20/ Akwai masu cewa a yi dabarar randa, tunda Mohammed Bah Abba ya ci kyautar Rolex a 2000 da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, yana adana kayan miya a ƙauyukan Jigawa. Allah Ya jiƙansa, dabara ce babba, amma don tumatir da alayyafo. Danshi da bod ba sa ga maciji. Abin da za mu ɗauka daga gida shi ne ɗakin kansa: soron ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi da rana. Duk digirin da ka rage wa ɗaki, ka rage wa na'ura. Mutanen Riruwai da duwatsunsu kam sun fara da maki a hannu.

21/ Gargaɗi, kuma ba wasa nake ba. Akwatin ƙarfe ne da hannu zai riƙa taɓawa, wayarin ɗin gidaje da yawa kuma ba shi da wayar ƙasa. Kada wutar 220 ta shiga cikin akwatin. A bar adafta a waje kamar ta laftop, bolt 12 ko 19 kawai ya shiga. A ɗora bod a kan ƴan ƙafafu, kada bayansa ya taɓa ƙarfe.

22/ Wani zai ce duk wannan wahalar me ya kawo ta, alhali Akasa da Streacom suna sayar da irin akwatin a shirye? Suna sayarwa, da dala, ga kuɗin jirgi da na kwastan, kuma an auna su ne a ɗakin da ba namu ba. In kana da hali saya, ban hana ba. Ni abin da ke ci min rai daban ne: duk shekara ɗalibai na kashe kuɗin iyaye a kan furojet ɗin da aka kwafo, a kare shi, a jefa a sito. Ga tambaya a gabanmu da ba wanda zai amsa mana daga waje: alminiyam ɗin tukunya, wat nawa zai iya ɗauka a ɗaki mai digiri 42? Ɗan makanikal ɗaya, ɗan kwamfuta ɗaya, maƙeri ɗaya, sun isa su fito da amsar da lambobi.

23/ Kuma a biya maƙerin haƙƙinsa, a sa sunansa a aikin. Ba "wani mai tukwane" ba.

24/ Wanda zai gwada, kada ya yi gwajin a Disamba ya zo yana mana murna. A jira ƙarshen Maris ko Afrilu, ƙarfe biyu na rana, a rufe ɗaki, a ɗora wa furosesar aiki mai nauyi na awa ɗaya cur. Ƙarfe mai kauri yana jinkirin ɗumama, minti goma na farko yaudara ce. A rubuta zafin ɗaki, zafin jikin akwati, zafin furosesa, da ko ta rage gudu. Raspberry Pi tana fara ja da baya daga digiri 80, don haka kowa ya nemi iyakar tasa furosesar kafin ya fara.

25/ In akwai wanda ya san masu zubin dalma a Kiru, Bebeji ko Tudun Wada da za su yarda su gwada faranti mai faɗin santimita 25 da haƙora goma sha biyu, ya ajiye min saƙo. Samfurin katakon ni zan kawo.