Dokar da Ba Ta Cikin Muhtasar

Malami ya san hukuncin ɓarawo a Risala da Muhtasar, amma ba su ake buɗewa a Babbar Kotu ba. A 1960 Jihar Arewa ta soma hukunci da Final Kod, wanda aka kwaikwayo daga na Sudan. Ga kuma dokokin tarayya: ta 1977 ta ce wanda ya karɓi kaya, ya ba da cek alhali ya san ba kuɗi a banki, ɗaurin shekara 2 ne, babu zaɓin tara. Attajirai nawa suka san wannan? Kotu kuwa ba ta karɓar uzurin rashin sani. Littattafan dokokin tarayyar nan, da na shari'un da manyan alƙalai suka yanke, da Turanci suke, a hannun lauyoyi. Wajibi ne hukuma ta sa a fassara su da Hausa, a buga har da ajami.