Kafin munduwar kaka ta fita daga zango

A shekarar 2024 mutane sun yi ta tururuwa zuwa gidan tarihi na fadar Manhyia da ke Kumasi don ganin kayan zinariya da na azurfa guda 32 da suka dawo daga Ingila. Yawancinsu sojojin Birtaniya ne suka kwashe su, tun daga yaƙin 1874 da aka ƙona Kumasi. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, gidajen tarihi biyu na Landan da suka aiko da kayan aro suka bayar, na shekara 3, da damar a ƙara wa'adi. Wato Asantehene da duk girmansa aron kayan kakanninsa yake yi. Idan abu ya riga ya ƙetare teku, dawo da shi sai an sha wuya.

Mu mutanen zango mun taya maƙwabtanmu murna, amma kaɗan daga cikinmu ne suka waiwayi ɗakunansu. Namu kayan ba da bindiga ake kwashe su ba. Dillali ne ke yin sallama a ƙofar gida yana cigiyar kayan da: tsohuwar munduwar azurfa, tasar tagulla, takobi, likkafa, tandun kwalli, gafakar malam da abin da ke cikinta. A miƙa masa, ya ƙirga 'yan sidi, shi ke nan. Bayan wata guda abin yana rumfar masu sayar wa baƙi kayan gargajiya a Akra, bayan shekara yana cikin kabad ɗin wani mai tara kayan tarihi a Turai ko Amurka, an maƙala masa takarda mai cewa daga Afirka ta Yamma, ba sunan gari, ba sunan mai shi.

Ba zan ce kada kowa ya sayar ba. Wanda ke da mara lafiya a asibiti, ko yaron da za a kora saboda kuɗin makaranta, ba ya bukatar wa'azin tarihi daga bakin malamin makaranta. Su ma dillalan 'yan uwanmu ne, kuma Hausawa sun daɗe da suna a wannan fatauci daga Abijan har Yawunde. Sana'a ce. Abin da nake ja a kai shi ne mu daina sayar da abin da ba mu san mene ne ba, kuma mu daina barin abu ya fita ba tare da labarinsa ya tsaya a gida ba.

Mu fara da azurfa. Mai saye ya san abin da yake nema, mai sayarwa ne ke cikin duhu. Tsofaffin cokula da butocin shayi na zamanin Turawa, idan ka juya su za ka ga tambari. Lamba 925, ko ɗan hoton zaki a kayan Ingila, alama ce ta azurfa mai kyau. Idan kuwa haruffan EPNS ka gani, to shafe ne kawai a kan wani ƙarfe, kada ka sa rai da yawa. Haka nan kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, wanda fatake suka yawata da shi a ƙasashenmu, maƙeran fari kuma suka riƙa narkar da shi suna ƙera mundaye da zobba. Nauyinsa kusan giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin 100 azurfa ce. Amma shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta nuna tsufansa, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu. Wanda bai san haka ba ana iya cutarsa ta fuska biyu: a saye nasa a banza, ko a sayar masa da sabo a kuɗin tsoho. Kai wa maƙerin da ka yarda da shi ya auna, ka ji farashi daga baki biyu ko uku, ba zai ɗauke ka fiye da yini ɗaya ba.

Akwai kuma haƙƙi. Munduwar Hajiya idan ta rasu ta zama ta magada, ba ta wanda ya riga kowa buɗe akwati ba. Gidaje nawa ne zumunci ya lalace a cikinsu saboda wani ɗa ya sayar da abu a ɓoye kafin a raba gado? Mai son tara kwanuka da kofunan azurfa kuma ya tuna cewa addini ya hana ci da sha a cikinsu, ya tambayi malamai hukuncin ajiye su da maganar zakka tun kafin ya cika kabad.

Hauren giwa kuwa maganarsa daban ce, kuma a nan ba ni da sassauci. Tun 1989 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Sin, wadda ita ce babbar kasuwarsa, ta rufe cinikinsa a cikin gida a ƙarshen 2017. Ingila ta fara aiki da tata dokar a watan Yunin 2022, kuma ba ta bar ƙofa ba sai ga 'yan abubuwa ƙalilan da aka yi wa rajista. Dalilin da ya sa dokokin suka haɗa har da tsohon haure shi ne, masu fasa-ƙwauri sun iya tsofar da sabo: a jiƙa shi a ruwan shayi ko a turara shi da hayaƙi, ya yi ja, a ce na kaka ne. Duk rumfar da ke sayar da tsoho ta zama mafaka ga sabo. A farkon 2014 an kama haure fiye da tan 3 a tashar jiragen ruwa ta Lome, nan kusa da mu. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22 kafin ta haifi ɗa guda, don haka abin da maharba suka kashe a dare ɗaya sai an shekara da shekaru ba a mayar ba. Wanda ya gaji carbi ko awarwaro na haure ya ajiye abinsa a gida. Kada ya sayar, kada ya ba ɗa ya tafi da shi ƙasar waje. Matashin da aka ce ya riƙe wa wani ɗan ƙunshi zuwa filin jirgi, shi za a kama, mai kayan yana gida yana shan shayi.

Abin da ya fi damuna shi ne takardu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 malamai da fatake suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da sauran garuruwa, kowa da gafakarsa. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami waɗanda har yau masana ke nazari. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana aron littattafai, ta ɗauki kwafinsu, ta mayar wa masu su. Ilmin ya tsira, kayan kuma ba su bar gida ba. Abin da ya bukaci mota da na'ura a wancan lokaci, yau wayar da ke aljihun ɗan sakandare za ta yi shi.

Wani zai ce, to malam, tarihi ake ci? Ba a ci. Amma mu da ake yawan tambayarmu daga ina muka zo, alhali kakanninmu sun yi fataucin goro a wannan ƙasa tun kafin a zana iyakokinta, mun fi kowa bukatar shaida. Ina koyar da yara waɗanda suka san tarihin kujerar zinariya ta Asante tiryan-tiryan, amma ba su san sunan wanda ya kafa zangonsu ba. Wasiƙar ciniki da aka rubuta da ajami, ko takobin da aka ba kakan wani ranar naɗinsa, sun fi dogon jawabi ƙarfi.

Saboda haka ga roƙona. Kafin komai ya fita, a ɗauki hotonsa ta kowane gefe. A zauna da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, a naɗi muryarta tana faɗin wanda ya kawo abin, daga wane gari, a zamanin wane sarki. A sanar da duk magada. A kuma sani cewa dokar Gana ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta ƙasa, don haka dillalin da ya ce ba a bukatar takarda ba gaskiya ya faɗa ba. Sarakunan zango da limamai kuma su ware ɗaki guda, ko da a makarantar Islamiyya ne, inda iyalai za su iya ajiye kaya amana da sunansu a rubuce, yara su shiga su gani. Ba sai an jira gwamnati ba: kabad mai gilashi, kwaɗo mai kyau, littafin rajista da amintaccen mutum ɗaya sun isa a fara.