Kukan Tsakar Dare Ba Ya Biyan Bashin Rana

 

'Yan uwa, wata cuta ta shigo cikinmu, kuma da yake da carbi da rawani ta shigo, kowa ya kama bakinsa. Ni dai yau zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

A goman ƙarshe na azumin da ya gabata, wani ɗan uwa tela a unguwarmu ya shiga i'itikafi. Madalla. A daren ashirin da bakwai, in ji shi, yana cikin sujada sai ya ji wani abu ya lulluɓe shi, ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, duniya ta ƙanƙance masa kamar ƙwayar gero. Ban ƙaryata shi ba, kuma ba zan ƙaryata shi ba. Amma fa ya shiga masallacin nan ne ya bar yadukan mutane jibge a shago, bayan ya karɓi kafin alƙalami, ciki har da na ƙannena biyu marayu. Da tsofaffin kaya suka je Idi. Da na same shi bayan Sallah sai ya ce mini zuciyarsa ta fita daga sha'anin duniya, in yi masa uzuri, don ban ɗanɗani abin da ya ɗanɗana ba. Yau wata biyu ke nan kekensa na lulluɓe da buhu, matarsa tana aiken yara maƙwabta roƙon garin tuwo.

Akwai kuma ɗan uwansa a wannan ciwo, ko da yake shi baya ya yi. Shi ma ya ji daɗin nan a tahajjud. Da azumi ya wuce, ya koma tukin Keke Napep, ga cunkoso, ga zagin fasinja, ga kuɗin balas na jiransa da yamma, sai ya nemi daɗin nan ya rasa. Ya yanke wa kansa hukunci cewa shi munafuki ne, ya daina zuwa karatu, yanzu sallar Asuba ma sai rana ta fito. Da telan da direban, kuskurensu ɗaya ne. Dukansu sun ɗauka cewa halin da zuciya ke shiga a gaban Allah dole ne ya zauna daram dare da rana, kuma shago da titi da kukan jariri su ne maƙiyansa.

To, wannan tambaya ba a kanku aka fara ta ba. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Hanzala al-Usayyidi (R.A.), ɗaya daga marubutan Manzon Allah (S.A.W.). Ya haɗu da Sayyidina Abubakar (R.A.) ya ce masa shi kam ya munafurta, domin idan suna gaban Manzo ana tuna musu wuta da aljanna sai su ji kamar suna ganinsu da ido, amma da sun koma cikin mata da 'ya'ya da gonaki sai su manta da yawa. Abubakar, Siddiƙu guda, ya rantse cewa shi ma haka yake ji. Suka tafi tare. Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da su cewa da za su dawwama a kan halin da suke ciki a wurinsa, da mala'iku sun riƙa musafaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, sai dai abin lokaci ne bayan lokaci, ya maimaita har sau uku. Ka lura, ya ɗan uwa. Bai ce wa Hanzala abin da yake ji a majalisi ruɗu ne ba. Bai kuma ce masa ya saki matarsa ya sayar da gonarsa don halin ya ɗore ba.

Na san abin da telan zai ce, don ya riga ya faɗa mini: ai Imamu Gazali ma barin aiki ya yi ya shiga duniya. Wannan ita ce hujjar da suke yawo da ita, alhali rabin labarin kawai suka ji a wa'azi. Bari mu ƙarasa musu shi.

Gaskiya ne, a shekarar 1091 aka naɗa Gazali babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibansa sun kai 300. A 1095 ya binciki niyyarsa ya ga neman suna da matsayi ne ke tuƙa shi. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi zama masa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal. Amma a nan ne ya kuma faɗa cewa da zai rabar da dukiyarsa ya ware abin da 'ya'yansa za su ci. Bai bar su ga maƙwabta ba. Ya zauna a Dimashƙa yana kulle kansa a hasumiyar masallaci, ya je Ƙudus, ya yi aikin Hajji, sannan kiran 'ya'yansa ya jawo shi gida. A 1106 ya koma kan shimfiɗar koyarwa a Naisabur, ya rasu a 1111.

Me ya dawo da shi daga wannan doguwar halwa? Ihya'u Ulumiddin, littattafai 40 a kashi huɗu. Kashi na biyu gaba ɗayansa al'amuran yau da kullum ne: ladubban cin abinci, aure, neman na kai, halal da haram, zama da mutane, tafiya. Subhanallah! Mutumin da ya yi shekaru yana neman Allah a keɓe, ya dawo yana koya wa ɗan kasuwa kada ya ɓoye aibin hajarsa, kada ya tauye mudu. Kai kuma dare ɗaya ka yi kuka, har ka fi ƙarfin zare da allura?

Mu dawo gida ma. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya gafarta masa, ya ba da labarin cewa yana ɗan shekara 40, wato wajen 1794, ya ga Shaihu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Bayan wannan gani, shekara goma ya ƙara yana karantarwa a Degel, maza da mata, kafin hijira zuwa Gudu a 1804. An kuma ruwaito cewa da tufkar igiya yake samun abin da zai ci.

Ban manta da ku ba, ku da kuke murna yanzu kuna cewa ai dama duk wannan kuka da shauƙi bidi'a ce da wasan shaiɗan. Ku ma ku ji tsoron Allah. Mutumin da ya shekara goma yana sallah bai taɓa jin tsigar jikinsa ta tashi ba, ba shi ne zai zama alƙalin hawayen wani ba. Ni kaina na taɓa jin ɗan abin da telan ya ji, sau ɗaya, a wata sallar dare, kuma washegari da safe na yi faɗa da kwandasta a kan canji. Kunya ta kama ni, na bi shi har tasha na ba shi haƙuri. Iyakar abin da daren nan ya ƙara mini ke nan, kuma ban raina shi ba.

Saboda haka, ɗan uwa direba, ka dawo karatu ranar Asabar, wurinka na nan. Kai kuma malam tela, na san kana sayen jaridar nan duk Juma'a, don a hannuna kake saye. Yadin yaran nan ruwan toka ne, yana cikin baƙar leda a ƙarƙashin teburin yanka, na rubuta sunayensu a jikin ledar. Babbar Sallah saura kwana goma.